Ernest Just, Masanin Ƙwan Halittun Teku

Mu nan Abuja teku ta yi mana nisa, amma ina so in ba 'yan'uwana masu koyon aikin malanta labarin wani baƙar fatar Amurka, Ernest Everett Just, saboda yadda aka koya masa aiki da yadda shi kuma ya koyar.

An haife shi a Charleston cikin 1883. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara 4, uwarsa ta rene shi, ita kuwa malamar makaranta ce. Ya gama kwalejin Dartmouth a 1907, ya kama koyarwa a Jami'ar Howard.

A 1909 ya tafi Woods Hole, wani ƙauye na bakin teku inda akwai babban ɗakin binciken halittun ruwa. Shugaban wurin, Frank Lillie, ya ɗauke shi mataimaki. Tare suka riƙa aiki a kan ƙwan wata tsutsar teku. Tsutsar nan da dare take tasowa ta zuba ƙwai, kuma sai a waɗansu kwanakin wata, tilas mutum ya ɗauki fitila ya je ya jira ta. Ƙwan kuwa ba ya son wasa, kwano mai dauɗa ko ɗan zafi kaɗan sai ya lalace. Just ya gwanance ƙwarai, har manyan masana suka koma neman shawararsa. A 1916 ya sami digirin dakta a Chicago ta hannun Lillie. Duk da haka manyan jami'o'in farar fata ba wadda ta ba shi aiki.

Sa'an nan shi ma ya jawo wata almajirarsa, Roger Arliner Young. Daga 1927 suka riƙa aiki tare a Woods Hole, har ya bar mata riƙon sashensa a Howard sa'ad da ya tafi Italiya a 1929. Sai dai a nan, a ganina, bai kai malaminsa ba. Ta taya shi bincike, amma sunanta bai fito tare da nasa a takardun da ya buga ba. Nauyi ya yi mata yawa, ta faɗi jarrabawa a Chicago, tsakaninsu ya ɓaci, a 1936 aka sallame ta daga Howard. Ta yi ta fama har ta sami nata digirin dakta a Pennsylvania a 1940, ita ce baƙar mace ta farko a Amurka da ta same shi a ilmin dabbobi.

A shekarar nan ce Jamusawa suka tsare Just a Faransa, inda yake bincike. Da aka sake shi ya koma Washington ba lafiya, ya rasu a 1941 yana da shekara 58.