Roberto Clemente, ɗan wasan da ƴan jarida suka daɗe ba su ba shi haƙƙinsa ba

A ƙwallon besbol na Amurka, wanda ake bugawa da sanda, ba ƴan kallo ba ne ke zaɓen gwarzon shekara. Ƴan jaridar da ke bin wasan ne ke jefa ƙuri'a. Roberto Clemente ya sha ɗacin wannan tsari.

An haife shi ranar 18 ga Agusta 1934 a garin Carolina na tsibirin Puerto Rico, inda mahaifinsa ke aiki a gonakin rake. A 1955 ya fara yi wa ƙungiyar Pittsburgh Pirates wasa, kuma bai taɓa sauya ƙungiya ba har mutuwarsa. Baƙar fata ne, kuma Sifaniyanci ne harshensa. A lokacin atisayen share fage a Florida, dokar wariya ta hana shi kwana a otal ɗaya da abokan wasansa fararen fata.

A 1960 Pirates ta ci kofin ƙasa bayan ta doke New York Yankees. Clemente ya fi kowa a ƙungiyar kawo maki da bugunsa, har 94, ya kuma fitar da ƙwallo waje da fili sau 16. Da aka ƙirga ƙuri'u, abokin wasansa Dick Groat ya zama gwarzo, shi da bugunsa ya kawo maki 50, ya fitar da ƙwallo sau 2 kacal. Gaskiya Groat shi ne kyaftin, kuma ya fi kowa yawan samun ƙwallo a bana ɗin, don haka ba a ce bai cancanta ba. Abin da ya ƙona wa Clemente rai shi ne matsayin da aka ajiye shi: na takwas.

Ba ƙuri'a kaɗai ba ce. Jaridu sun riƙa rubuta Turancinsa yadda ya furta shi, da gurɓatattun haruffa, don a yi dariya, alhali marubutan nan ba sa jin Sifaniyanci ko kaɗan. Sun mayar da sunansa Bob, shi kuwa ya dage a kira shi da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Tun wani haɗarin mota a 1954 yake fama da ciwon baya, ya kuma yi zazzaɓin cizon sauro a 1965, amma idan ya yi ƙorafi sai a ce raki ne. A daidai lokacin, ana ta yabon Mickey Mantle na Yankees da jarumta saboda yana wasa da ciwon gwiwa.

Sau huɗu ya zama wanda ya fi kowa iya bugu a rukuninsa, a 1961, 1964, 1965 da 1967, ya kuma karɓi kyautar tsaron fili sau 12 a jere. Sai a 1966 ƴan jarida suka ba shi kambun gwarzo. A 1971 ya ja Pirates ta sake cin kofi, kuma da aka miƙa masa makirufo a talbijin, da Sifaniyanci ya fara magana, yana gaida iyayensa.

Ranar 23 ga Disamba 1972 girgizar ƙasa ta rusa Managua, babban birnin Nicaragua. Clemente ya tara kayan agaji, amma ya samu labarin cewa jami'an gwamnatin Somoza na karkatar da su, sai ya yanke shawarar raka kaya da kansa. Jirgin, wanda aka yi wa lodi fiye da kima, ya faɗa teku jim kaɗan da tashi daga Puerto Rico a daren 31 ga Disamba. Yana da shekara 38, kuma ba a ga gawarsa ba.

A 1973 ƙungiyar ƴan jaridar nan ta jingine ƙa'idar jiran shekara biyar, ta zaɓe shi cikin zauren gwarazan besbol.