Kawusan, jarumin Abzin

'Yan kasuwa maza da mata, yau za mu tuna da Kawusan, ɗan ƙabilar Ikazkazan, wanda aka haifa a Damargu wajen shekarar 1880. Ya tashi lokacin da Nasara ke cin ƙasarmu. Mu nan kusa da Madawa, a Galma, suka karya Kel Geres a 1901, daga baya suka ɗora haraji, suna ƙwace raƙuman ayari.

Kawusan ya ƙi wannan mulki. Ya tafi Fezzan, ya bi ɗarikar Sanusiyya, ya samo bindigogi da igwa. A Disamba 1916, da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, ya kewaye barikin Faransawa. Sai a Maris 1917 sojoji suka zo daga Damagaram suka kore shi. Nasara suka huce kan gari, suka kashe malamai. Abzinawa da yawa suka yi gudun hijira zuwa ƙasar Hausa, fataucin gishirin Bilma ya raunana.

An rataye Kawusan a Murzuk a 1919. Tagama ya rasu a kurkukun Damagaram a 1920. Allah ya jiƙan su.