Tarihin Umaru Nagwamatse, Sarkin Sudan na Farko

Shi Umaru ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haife shi wajen shekarar 1806, a tsakiyar jihadi, ya tashi cikin ƙarar tambura da hargowar dawaki. Da ya kawo ƙarfi aka ba shi riƙon ribaɗin Gwamatse, can ne ya samo sunan nan Nagwamatse. Daga baya aka mai da shi Katuru.

Mutum ne jarumi, mai buɗaɗɗen hannu. Abin da ya samo a yaƙi ba ya kwana a taskarsa, saboda haka samari masu neman suna suka yi ta taruwa gare shi. Amma ba shi da haƙurin zama ƙarƙashin wani. Da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ga ƙarfinsa yana neman wuce kima, sai ya tuɓe shi. Umaru ya ga Sakkwato ta yi masa ƙunci, ya ɗaura sirdi ya yi kudu. Ya taɓa zama ƙasar Nufe, ya taimaki Masaba a yaƙe-yaƙensa.

A zamanin nan, tsakanin Nufe da Yawuri da Zazzau akwai ƙasa mai faɗi, ta duwatsu da kurmi, wadda ba ta hannun wani babban sarki guda. Gwarawa da Kamukawa da Kambari ke zaune a cikinta, kowane gari da sarkinsa. Nan Umaru ya kafa sansani, ya shiga cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Cikin 1859 ɗan'uwansa Ahmadu Atiku ya hau gadon Sarkin Musulmi, ya naɗa shi Sarkin Sudan. Cikin 1864 ya kafa Kontagora. Mutanen gari suna cewa daga kwanta gora sunan ya fito, wato inda matafiyi ya ajiye gorarsa ya huta. Ya rasu a Mamba cikin 1876. Allah ya ji ƙansa.

Ɗansa Abubakar Modibbo ya gaje shi, sa'an nan Ibrahim cikin 1880. Shi Ibrahim ya kai yaƙi har Birnin Gwari, ya ci garin. Turawa suka ci Kontagora cikin 1901, suka mayar da Ibrahim kan sarauta cikin 1903, yana bisa gado har ya rasu cikin 1929.

To, labarin gidan nan fuska biyu gare shi. A Kontagora Umaru uba ne, wanda ya sari daji ya mai da shi birni, zuriyarsa kuwa ita ke riƙe da sarautar Sarkin Sudan har wa yau. Amma a ƙasar Birnin Gwari, su Kutemeshi da Kuyello, da sauran ƙasashen Gwari da Kamuku, abin da wannan zamani ya bari shi ne kufai, da gonakin da suka koma daji, da 'ya'yan da aka kora bauta ba su komo ba.

Wanda duk aka danƙa wa aikin sarki a bakin iyaka, ya kamata ya riƙe fuskokin nan biyu. Takobi yana iya kafa gari, amma ba ya cika kasuwa. Talaka in ya tsorata, daji ya ke shiga, ƙasa kuwa in ta rasa manoma, ɓarayi ke gadonta. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin.