Arthur Wharton: Baƙin Mutum Na Farko Da Ya Ci Abinci Da Ƙwallon Ƙafa A Ingila

Duk wanda ya dubi manyan kulob-kulob na ƙwallon ƙafa na ƙasar Ingila a yau zai ga baƙaƙen fata birjik a cikinsu, har ya zaci haka abin yake tun fil'azal. Amma kowane gulbi yana da mafari. Masana tarihin wasanni sun fi rinjaya a kan cewa baƙin mutum na farko da ya riƙi ƙwallon ƙafa sana'a, watau ake biyansa lada a kanta, shi ne Arthur Wharton, mutumin Afirka ta Yamma. Kafin shi an yi Andrew Watson, wanda ya buga wa ƙasar Sikotilan a 1881, sai dai a lokacin shi don sha'awa yake wasa.

Asalinsa

An haifi Wharton ranar 28 ga Oktoba 1865 a unguwar Jamestown ta birnin Ankara, a ƙasar da a da ake kira Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. Mahaifinsa, Henry Wharton, limamin Kirista ne na ɗarikar Methodist, mutumin tsibirin Girinada a yankin Karebiyan. Mahaifiyarsa, Annie Florence Grant, ta wajen uwa jinin sarautar Fante ce, ta wajen uba kuwa 'yar wani ɗan kasuwa ne daga Sikotilan. Saboda haka yaron ya tashi a gidan ilmi da rufin asiri. Mahaifinsa ya rasu a 1873, shi kuwa a farkon shekarun 1880 dangi suka tura shi Ingila karatu, da nufin ya gaji aikin mishan. Ya fara a Cannock, daga baya ya koma wata kwaleji a Darlington. A nan ne gudu da ƙwallo suka raba shi da littafi.

Shahararsa

A watan Yuli 1886, a filin Stamford Bridge na birnin Landan, Wharton ya cinye tseren yadi 100 na gasar ƙasa cikin sakan 10 cif, abin da ya yi daidai da bajintar duniya ta lokacin. Ya sake cinye wannan gasa a 1887. Ban da gudu, gwani ne wajen tseren keke da wasan kurket.

Abin mamaki, mutumin da babu mai kamo shi da gudu, tsaron gida ya yi a ƙwallo. Ya kamata a san cewa tsaron gida na wancan zamani ya sha bamban da na yau. Doka ta yardar wa mai tsaron gida ya taɓa ƙwallo da hannu ko'ina cikin rabin filinsu, ta kuma yardar wa abokan gaba su banke shi da kafaɗa, in sun iya su tura shi cikin raga shi da ƙwallon. Aiki ne na mai zafin nama da ƙarfin zuciya. An ruwaito cewa Wharton yakan tsuguna a gindin turke kamar ba ruwansa da wasan, sai ƙwallo ta doso ya zabura ya naushe ta can nesa. 'Yan kallo suna son wannan ainun.

Daga kulob ɗin Darlington ya koma Preston North End, wanda a lokacin yana cikin mafiya ƙarfi a ƙasar. Da shi suka kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1887, inda West Bromwich Albion ta fitar da su. Ya bar su kafin kakar 1888/89, wadda suka gama ba a ci su wasa ko ɗaya ba a gasar lig. A 1889 ya sa hannu a Rotherham Town a matsayin ɗan wasa mai albashi, shekara huɗu bayan an halatta biyan 'yan ƙwallo a Ingila. A 1894 Sheffield United ta ɗauke shi, a 1895 kuma ya buga mata wasa da Sunderland a rukuni na ɗaya. Bai daɗe a can ba, domin wani saurayi ƙato mai suna William Foulke ya tare gurbin.

Irin wariyar da ya sha

Wariyar launin fata da Wharton ya gamu da ita tana da wuyar kamawa da hannu, domin ba a hana shi shiga fili ba, an kuma tafa masa. Sai dai jaridu sun saba kiransa da laƙabin da ke nuni ga baƙin jikinsa maimakon sunansa, wata ma ta yi shaguɓen cewa kansa ya yi tauri da zai gane tsaron gida ba wurin wasan yara ba ne. Wannan zamani ne na taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka shata ƙa'idojin rabon Afirka, kuma malamansu suna ta rubuce-rubucen da ke jera jinsunan 'yan Adam hawa-hawa, da Bature a bisa, baƙin mutum a ƙasa. Ga mai irin wannan aƙida, in baƙin mutum ya yi bajinta sai a ce halittarsa ce kawai, kamar gudun barewa, ba a danganta ta ga horo ko basira. In ya yi kuskure kuwa, sai a ce dama haka jinsinsa yake. Ta kowace fuska dai ba ya fita.

Wasu marubutan wasanni na arewacin Ingila sun yi kira a sa shi cikin 'yan wasan ƙasa, amma ba a taɓa kiransa ba. Ba shi kaɗai ba ne. A 1925 an sa sunan Jack Leslie na Plymouth Argyle cikin waɗanda aka zaɓa, daga baya sunan ya ɓace. Sai a watan Nuwamba 1978 Viv Anderson ya buga wa babbar ƙungiyar Ingila, shekara 48 bayan mutuwar Wharton.

Ƙofar gida ma ba ta buɗe masa ba. A 1893 ya nemi aikin gwamnati a Gwalkwas aka hana shi. A waɗannan shekaru Turawan mulki sun fara janye manyan muƙamai daga hannun 'yan Afirka masu ilmi, har ta kai a 1902 aka kafa hukumar likitocin Afirka ta Yamma wadda ba ta ɗaukar baƙar fata. Daɗin daɗawa, wasa don kuɗi abin raini ne a idon masu mulki na lokacin. Ɗan gidan daraja ya zama ɗan wasan haya, ya faɗo a idon manya, ga kuma launin fatarsa.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya yi wasa a Stalybridge Rovers da Ashton North End, ya ƙare a Stockport County a 1902. Ya riƙe mashaya a Rotherham da Sheffield, giya kuma ta yi masa illa. Babu fansho ga ɗan ƙwallo a wancan lokaci. Da girma ya zo sai ya shiga aikin jan tarago a mahaƙar kwal ta Yorkshire Main da ke Edlington, kusa da Doncaster. Ya rasu a watan Disamba 1930 yana da shekara 65, ba shi da ko anini, aka binne shi a kabarin matalauta wanda ba shi da alama.

Haka kabarin ya zauna shekara 66 da 'yan watanni. A tsakanin nan wariya ta fito fili a filayen Ingila: a shekarun 1970 da 1980 'yan kallo suna kwaikwayon kukan biri, suna jifan 'yan wasa irin su John Barnes da ayaba, har aka aika wa Cyrille Regis harsashi cikin wasiƙa sa'ad da aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Wannan ya sa majalisar dokoki ta haramta waƙoƙin wariya a filin ƙwallo a 1991, aka kuma kafa ƙungiyar da ake kira Kick It Out a 1993. Wata ƙungiyar ta birnin Sheffield, Football Unites, Racism Divides, ita ce ta tono labarin Wharton, ta tara kuɗi aka kafa dutse a kabarinsa a 1997. Masu wannan aiki sun lura cewa matasan da ke ihun baƙi su koma ƙasarsu ba su san cewa tun kafin a kafa gasar lig a 1888 akwai baƙin mutum a bakin raga ba. A 1998 Phil Vasili ya wallafa tarihinsa, a 2003 aka sa shi cikin jerin gwarzayen ƙwallon Ingila, a 2014 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a St George's Park, inda ƙungiyar ƙasar take atisaye. Daga wannan sansani ne Marcus Rashford da Jadon Sancho da Bukayo Saka, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, suka fita zuwa gasar cin kofin Turai, kuma da suka ɓarar da fanareti a wasan ƙarshe a watan Yuli 2021, a daren nan aka yi musu ruwan zagi na launin fata ta intanet.