Walt Disney, Mai Filin Wasanni

An haifi Walt Disney a birnin Shikago na ƙasar Amurka ran 5 ga Disamba, 1901. Ubansa ba mawadaci ba ne. Tun Walt yana yaro yakan tashi da asuba ya bi gida gida yana raba jarida, sa'an nan ya wuce makaranta. Ba abin da yake so kamar zane. Da ya girma ya kafa kamfanin yin hotunan zane masu motsi, waɗanda ake nunawa a majigi, amma a 1923 jarinsa ya karye. Sai ya ƙaura zuwa Kaliforniya wurin wansa Roy, suka sake sabon lale. A can ne ya fito da ɓeran nan Mickey Mouse a 1928, sunansa ya game duniya.

Ran Asabar yakan kai 'ya'yansa mata biyu su hau dawakin katako masu kewayawa, shi kuwa ya zauna kan benci yana jira. Nan ne tunani ya zo masa, ya ga ya kamata a gina wuri mai tsabta inda iyaye da yara za su yi wasa tare. Masu kuɗi suka ga abin kamar wauta, har wansa ma ya yi ɗari-ɗari. Walt ya ci bashi, ya sayar da wani gidansa, ya sayi gonakin lemo eka 160 a garin Anaheim. Ginin ya ci dala miliyan 17.

Aka buɗe wurin ran 17 ga Yuli, 1955, aka sa masa suna Disneyland. Ranar ba ta yi daɗi ba. Mutane suka cika maƙil, waɗansu da tikitin jabu. Famfunan ruwan sha suka ƙafe, kwalta kuma ba ta bushe ba, tana kama takalman mata. 'Yan jarida suka yi ta zambo. Walt bai tsaya gardama ba, ya bi aibin ɗaya ɗaya yana gyarawa. Kafin wata biyu mutum miliyan ɗaya sun shiga.

A 1959 ya gina dutsen hannu mai tsawon ƙafa 147, kwaikwayon dutsen Matterhorn na ƙasar Suwizalan, ya sa jirgin gangara a cikinsa. To, wannan jirgi ba shi da inji. Sarƙa ce take jan taragunsa har ƙololuwa, daga nan sai nauyinsu ya gangaro da su a guje, suna karkata dama da hagu, mahaya suna ihu. Yaron Ƙofar Jatau da ya taɓa sakin keke a gangare ba tare da ya taka feda ba ya san sirrin. Da katako aka saba gina irin wannan jirgi, amma dogon wannan na bututun ƙarfe ne, shi ya sa ake iya lanƙwasa shi yadda aka so. Shi ne na fari irinsa a duniya.

Wurin ya yi masa kaɗan, sai ya sayi ƙasa mai faɗi ƙwarai a jihar Fulorida. Amma ajali ya riga shi. Ciwon huhu ya kama shi, don mashayin taba ne, ya rasu ran 15 ga Disamba, 1966. Roy, wanda ya riga ya tsufa yana shirin hutawa, ya fasa, ya ɗauki aikin. Ya buɗe sabon wurin ran 1 ga Oktoba, 1971, ya sa masa sunan ƙanensa, watau Walt Disney World. Shi ma ya rasu a watan Disamba na shekarar nan.