Carl Rogers

Carl Ransom Rogers (8 ga Janairu, 1902 zuwa 4 ga Fabrairu, 1987) masanin ilimin halayyar ɗan Adam ne ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da tsarin warkar da damuwa ta hanyar tattaunawa, wanda a cikinsa mai neman taimako ne ke jan ragamar zance, masani kuma yana saurare. Shi ne ya kafa Cibiyar Ba da Shawara ta Jami'ar Shikago a 1945, inda ɗaliban digirin digirgir suka riƙa sanin makamar aiki da mutanen da suka kawo matsalolinsu.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Oak Park, kusa da birnin Shikago a jihar Illinois. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida a gidan Kiristoci masu tsananin riƙo da addini. Mahaifinsa injiniya ne, kuma iyalin sun koma zaman gona yana ɗan shekara 12. Ya shiga Jami'ar Wisconsin don karatun aikin gona, daga baya ya koma tarihi da niyyar zama limamin coci. A 1922 ya je ƙasar Sin taron ɗalibai Kiristoci na duniya, tafiyar da ta sa ya fara shakkar wasu aƙidun da ya taso a kansu.

A 1924 ya kammala digiri na farko, ya auri Helen Elliott, ya shiga makarantar tauhidi ta Union a New York. Bayan shekara biyu ya bar ta zuwa kwalejin horar da malamai ta Jami'ar Kolumbiya, inda ya sami digirin digirgir a 1931.

Aiki a Rochester da Ohio

Daga 1928 ya yi aiki a wata ƙungiyar kare yara daga cin zarafi a birnin Rochester, wajen shekara 12. A nan ya lura cewa mai matsala ya fi kowa sanin inda ke masa ciwo, kuma shawarar da masani ya ɗora masa daga sama ba ta cika ɗorewa ba. Littafinsa na farko, a kan kula da yara masu matsala, ya fito a 1939.

A 1940 Jami'ar Jihar Ohio ta ɗauke shi a matsayin farfesa. A wancan zamani ɗaliban wannan fanni sun fi koyon gwajin basira da karatun littafi. Rogers ya buɗe darasin da ɗalibi zai zauna da mai neman shawara a ƙarƙashin kulawar malami. Yakan naɗi zaman a faifan garmaho da izinin mai shi, a rubuce shi, sannan malami da ɗalibai su bi shi jimla bayan jimla, su ga inda amsar ɗalibi ta buɗe zance da inda ta toshe shi. Littafinsa Counseling and Psychotherapy na 1942 ya ƙunshi cikakken rubutun irin wannan zama da wani mutum da aka sakaya sunansa.

Cibiyar Shikago

Cibiyar da ya kafa a Shikago ta karɓi ɗaliban jami'ar da mutanen gari, ta haɗa aiki uku wuri guda: taimakon jama'a, horar da ɗalibai, da bincike. A nan ya rubuta Client-Centered Therapy a 1951. A wata maƙala ta 1957 ya jera sharuɗɗa shida da yake ganin su ke kawo sauyi ga mai neman taimako. Uku sun fi shahara: masani ya kasance mai gaskiya a mu'amalarsa, ya karɓi mutum yadda yake ba tare da gindaya sharaɗi ba, ya kuma fahimci damuwarsa ta mahangar shi mai ita.

Lokacin da yake shugabancin Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, an kafa kwamitin David Shakow a kan horar da masu wannan aiki. Rahoton kwamitin na 1947 da taron Boulder na 1949 sun tsayar da cewa ɗalibin digirgir zai haɗa bincike da shekara guda ta horon aiki kafin ya kammala.

Ƙarshen rayuwa

A 1957 ya koma Jami'ar Wisconsin, ya gwada tsarinsa a kan masu taɓin hankali mai tsanani a asibitin Mendota. Sakamakon bai kai yadda ya yi fata ba, abin da masu sukarsa suka kafa hujja da shi cewa saurare kaɗai ba ya isa ga kowace cuta. Daga baya ya zauna a La Jolla ta jihar Kalifoniya, ya riƙa shirya zaman fahimtar juna ga mutanen Ireland ta Arewa, Afirka ta Kudu da Tarayyar Sobiyat. Matarsa ta mutu a 1979. Shi kuma ya mutu a 1987 yana da shekara 85, bayan faɗuwar da ta karya masa ƙugu. Ya bar 'ya'ya biyu, David da Natalie.