Peyton Rous: Likitan da ya gano alaƙar bairos da ciwon daji

A shekarar 1909 aka kai wata kaza mai ƙari a ƙirji Cibiyar Bincike ta Rockefeller da ke birnin New York na Amurka.

Matashin likitan da ya karɓe ta, Francis Peyton Rous, bai daɗe da kama aiki a wurin ba. Kazar ce kuwa ta sa ya yi tambayar da masana ke bin diddiginta har yau: shin ƙwayar cuta na iya haddasa ciwon daji?

Tasowarsa

An haifi Rous a birnin Baltimore ranar 5 ga watan Oktoban 1879. Mahaifinsa, wanda ɗan kasuwar hatsi ne, ya rasu ya bar shi yana yaro.

Ya karanta aikin likita a Jami'ar Johns Hopkins. Yana cikin karatun ne ya yanke a yatsa wajen binciken wata gawa, ya kamu da ƙwayar tarin fuka, lamarin da ya sa ya shafe kimanin shekara guda yana jinya a jihar Texas. Ya kammala a 1905.

Gwajin kaza

Rous ya niƙa ƙarin da ya samo asali daga waccan kaza, ya tace ruwansa da matacin da ko bakteriya ba ta iya ratsa shi, sannan ya yi wa lafiyayyun kaji allurar ruwan. Sai ga irin wannan ƙari ya fito musu.

A 1911 ya wallafa sakamakon, wanda ya nuna cewa wani abu mai tsananin ƙanƙanta, wato bairos, shi ne sanadi.

Sai dai akasarin masana sun yi watsi da batun, suna ganin abin da ya sami kaza bai shafi ɗan Adam ba. Bayan 'yan shekaru Rous ya jingine aikin.

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya shi da abokin aikinsa J. R. Turner suka samo hanyar adana jini na makonni ba tare da ya lalace ba. Da ita aka kafa rumbun ajiyar jini na farko don sojojin da suka ji rauni a 1917.

Ya koma kan ciwon daji a 1934, inda gwajinsa a kan zomaye ya nuna cewa cutar kan taso ne mataki-mataki, kuma bairos da sinadarai irin na kwalta kan haɗu su tsananta ta.

Sakayya bayan shekara 55

Sai a 1964 aka gano bairos na farko mai alaƙa da ciwon daji a jikin ɗan Adam, wato Epstein-Barr, a cikin wani ƙari da ke yawan kumbura muƙamuƙin yara a Afirka, har da Najeriya.

A 1966 aka ba Rous lambar yabo ta Nobel, yana da shekara 87. Ya rasu a New York ranar 16 ga watan Fabrairun 1970.

Bayan rasuwarsa, bairos ɗin kazar tasa ne ya kai Michael Bishop da Harold Varmus ga gano cewa tsatson ciwon daji na cikin ƙwayoyin gadon jiki da kansu, kuma sun sami Nobel a 1989.

Batun huhu

A tumaki an tabbatar da abin da Rous ya hango. Wani bairos mai suna Jaagsiekte na haddasa musu ciwon dajin huhu, yana kuma yaɗuwa a cikin garke ta numfashi. Shi ne ya kama Dolly, tunkiyar nan da masana suka kwafo daga ƙwayar halittar wata tunkiya a Scotland, wadda ta mutu a 2003.

A mutane kuwa, an ga alamun bairos irin su HPV a wasu ƙarurrukan huhu, amma ba a tabbatar da cewa su ne sanadi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan taba ke haddasa kimanin kashi 85 cikin 100 na ciwon dajin huhu.

Inda hujja ta tabbata shi ne hanta da bakin mahaifa. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in B na jawo dajin hanta, HPV kuma na jawo na bakin mahaifa, kuma dukkansu suna da allurar rigakafi.

A Najeriya, rigakafin ciwon hanta na cikin alluran da ake yi wa jarirai tun daga haihuwa, sannan a watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 na HPV kyauta.

Yaran da ake kaiwa asibiti don waɗannan allurai a Kano, Sakkwato ko Zuru na cin gajiyar binciken da aka ƙi amincewa da shi a 1911.